Nauyin Kunama

Ranar Talata, dusar ƙanƙara ta rufe titin Harlowton,
Ardith Bakken ta turo ƙofar kantina da gwiwar hannu,
takalmanta na zubar da taɓo, rigarta na warin tumaki.
Wata bakwai ke nan da muka binne Orval.
Doguwar bindigarsa tana nan jingine bayan ƙofa, in ji ta,
sai dai kafaɗarta ta daina ɗaukar dukanta.

"Libarba nake so, Merle.
Wadda ja ɗaya zai ɗaga guduma ya sake ta,
ba sai na tsaya lalube da babban yatsa cikin safar hannu ba,
ƙarfe uku na dare, a garke, da tocila a haƙorana."

Na shimfiɗa mata uku a kan ƙyalle.

Ta farko sabuwa fil, tana sheƙi kamar cokalin biki,
dala ɗari tara da hamsin.
Ta ɗaga gira. "Tunkiya huɗu ke nan, har da cikinsu."

Ta biyu ba nauyi, kuɗinta ma haka.
Ta girgiza ta a gefen kunne,
gangar harsashin ta yi ƙwas-ƙwas
kamar haƙorin da ya gaji da dasashi.
Araha ba ta ado. Ban ko buɗe baki ba ta ajiye.

Ta ukun tsohuwa ce.
Wani mai gadin tashar jirgin ƙasa ya rataya ta shekara ashirin,
kube ya lashe shuɗin bakinta har ya yi furfura,
ƙotar katako ta yi santsi inda tafinsa ya saba kwana.

Ardith ba ta cinikin biri a sama.
Ta buɗe ganga, ta leƙa ɗakuna shida, babu kowa.
Ta ɗaga bututun wajen taga,
haske ya bi cikinsa yana murɗawa, bai yi tuntuɓe da tsatsa ba.
Ta rufe, ta taɓa gangar da yatsa biyu: ƙyam.
Tsakaninta da bututu, tsagar ba ta fi silin gashi ba.

Sannan ta juya bakin ga buhun yashi a kusurwa,
ta ja.
Ja ne mai nisa, kamar jan guga daga rijiya mai gaba goma,
ganga na juyawa a hankali, guduma na miƙewa,
yatsan da sanyin ƙashi ya karkata yana rawa,
sai ƙas.
Sau shida ta yi. Sau shida ba gargada.

Na ce, "Tana da nauyi gare ki.
Dala talatin, in sassauta miki ita kafin Juma'a."

"Bar ta," in ji ta.
"Abin da in ya fita ba ya komowa,
gara hanyarsa ta yi tsawo."

Na ce ɗari huɗu da ashirin.
Ta taya ɗari uku da tamanin,
da cinyar ɗan rago idan ƙanƙara ta narke.
Na sallama. Da tsohuwar zuma ake magani,
kuma ba kowa na so ya tafi da wannan ba.
Ta cike takardu da rubutunta mai jirkicewa, na buga waya,
muka jira, muna kallon motar share titi tana wucewa.

Cikin Afrilu ta dawo, nama a naɗe cikin farar takarda.
Ta ajiye kwanson harsashi guda ɗaya kusa da shi.

"Kyarkeci?"

"A'a. Goɗiyar Orval.
Santsi ya kwashe ta a gangaren rafi, ƙafar gaba ta tafi,
likita kuma yana bayan mil sittin na rufaffiyar hanya."
Ta juya kwanson da farce.
"Jan nan da ka so ka rage,
a cikinsa na samu na kira sunanta,
ta ɗago kunne."

Ta sayi ƙaramar kwalbar mai da tsumma,
ta ƙirga canjinta sau biyu,
ta fita.