Sannu

A bayan mahautar Tawa Nomau ya tsince ta,
waya a wuya, ta ci fata har ta nutse.
Ya kawo ta cikin kwalin taliya a bayan babur.
"Kai ba ka da kowa a gida," in ji shi,
"ita ba ta da kowa a waje."

Ban so ba.
Tun rasuwar Hamsatu ko kaza ban sake kiwo ba.

Likitan dabbobi ya datse wayar,
ya yi allura, ya karɓi jikka biyu,
ya ce watanninta ba su wuce biyar ba,
kuma kada in zuba mata ido.

Kwana uku tana ƙarƙashin keken ɗinkin Hamsatu
da na jingine a rumfa,
haƙarƙari kamar a ƙirga,
wutsiya manne da ciki.
Ɗumamen tuwo na ajiye mata a fasasshen kwano,
ba ta taɓa shi sai na ba da baya.
Murfin tukunya ya faɗi, ta yi fitsari.
Tsintsiya ta motsa, ta shige bayan randa.
Karya ce, amma tsoronta ba ƙarya ba ne.

Sai daga baya na gane wanda ya fi:
in na sunkuya ɗaukar buta
sai ta zabura kamar an ɗana mata garwashi.
A iya saninta na duniya,
mutum ba ya sunkuyawa
sai don ya ɗauki dutse.

To, ni kuwa tun da gwiwa ta hana ni masallaci
a tsakar gida nake salla.
Na ja mata layi da ƙafa, nesa da tabarma,
nan iyakarki.
Azahar, na yi ruku'u, ta ruga.
La'asar, ta ruga.
Magariba ta ruga har da kifar da kwanon.
Sati guda. Sati biyu.
Sau nawa ke nan na sunkuya?
Ita ke riƙe da lissafin.

Inna Kulu ta leƙo ta katanga:
"Malam Tanimun, da tsufanka, kare?"
Na ce gadi take yi.
Daidai lokacin ƙadangare ya gyaɗa kai,
mai gadi ta koma ƙarƙashin keke.
Inna Kulu ta yi dariya har da riƙe ciki,
washegari ta jefo ƙashin akuya.

Ban raɗa mata suna ba.
Sannu kawai nake cewa in zan wuce,
sannu, ni ne, sannu,
har ranar da na gaida mai tallan kanwa
na ga kunne ɗaya ya miƙe.

Wata asuba bayan ruwan farko,
ƙasa na ƙamshi, kwaɗin tabki na ta surutu,
na sunkuya, na ɗago,
na kai goshi ƙasa, na ɗago,
na yi sallama dama,
na yi hagu.
Tana nan.
Kwance a bakin layi, haɓa kan ƙafafu,
tana kallon wani tsoho
da ya sunkuya har ƙasa
ya taso hannu wofi.

Ban ce komai ba, kar in ɓata.

Har yau ranar Lahadi, in motocin albasa suka ratsa,
tana neman keken Hamsatu.
Gashi bai rufe tabon wuya ba.
Amma jiya Nomau ya zo karɓar bashi,
ta tsaya a zaure, ƙafafu na rawa,
ta yi haushi, ɗaya tak,
siriri, har ita kanta ta waiga
ta ga ko wane ne.

"Ni?" in ji Nomau. "Ni da na ɗauko ki a kwali?"

Na ce, hala ta ji zancen bashin.