Fitilar Ɗakin Girki

A Valparaíso tun yaro na rarrafe ake koya masa:
in ka ji ƙasa ta motsa, ɗaga kai ka dubi fitila.
In tana lilo, nemi ƙofa.
In ba ta yi, koma ka ci abincinka.
Haka kakata Fresia ta faɗa mini,
tana yanka albasa, ko waiwaye babu.

Shekarata arba'in da shida.
Na ga kwanuka sun zubo daga kanta,
na kwana bisa tudu cikin bargo
ina jiran teku ta yanke shawara.
Wannan na san shi. Yana da suna, rediyo na faɗa.

Amma wata Talata, ƙarfe huɗu na dare,
ba gaira ba dalili gado ya ɗauki rawa.
Na diro da takalmi ƙafa ɗaya,
na riƙe bakin ƙofa hannu biyu,
na ɗaga kai.
Fitila tsaye cak.
Ruwan tambulan ko gezau.
Karen maƙwabci, mai jin girgiza tun ba ta iso ba,
yana ta sharar barci.

Ashe a ƙirjina ake yin ta.

Daga nan ta riƙa zuwa ba sallama:
a layin burodi,
a motar haya tana shan kwana,
a tsakiyar lissafin kuɗin wuta.
Tafi ya jiƙe, maƙoshi ya bushe,
gaba ya faɗi kamar an kira sunana a kotu.
In ɗiyata Amaya ta yi minti goma ba ta ɗaga waya ba,
na riga na kai ta asibiti,
har na goge baƙar rigar makoki.

Wata uku ina cewa gajiya ce.
Na ce gahawa ce. Na ce shekaru ne.

Likita Quilodrán ta auna ni ciki da bai.
Ta ce, "Zuciyar mai hawan matakala ɗari biyu kullum ce,
ba abin da ya same ta.
Sunan abin fargaba.
Ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba.
Ƙararrawa ce ta saba kuka
har ta manta yadda ake shiru."

Ranar Alhamis, kujeru bakwai a bayan asibitin unguwa.
Heriberto mai gyaran raga, hannu kamar faranti,
ya ce shi tasa a bakin kasuwa take tare shi.
Muka yi dariya, irin ta waɗanda suka gane juna.

Yanzu in ta zo, ba na kokawa da ita.
Numfashi nake ja taki huɗu,
in sake shi taki shida.
Ina kiran abin da idona ya gani:
bango shuɗi, igiyar shanya, mage a rufi,
jirgin ruwa ɗaya da bai san da ni ba.
Gahawa ta koma kofi guda.
Na ba damuwa lokaci, ƙarfe shida na yamma,
minti goma sha biyar da biro da takarda.
Takan zo da wuri. Nakan ce mata ta jira.
Wani lokaci ta jira, wani lokaci ta ƙi.

Daren jiya fitila ta yi lilo da gaske.
Na kashe gas, na buɗe ƙofa,
na riƙe tsohuwar ƙasan bene har abin ya lafa.
Hannuna ko rawa bai yi ba.

Da asuba, gari shiru,
sai ga waccan ɗin, tawa,
ta zauna mini a ƙirji kamar yadda ta saba.
Na dubi fitila.
Na ce mata, "Na gan ki."
Na ɗora tukunyar shayi.