Matakala Ashirin da Biyu

A Yanbu hawa biyu gare mu.
Sama akwai sanyi da turaren wuta, can Fawwaz yake.
Ƙasa akwai walda, da ni, da maza goma sha ɗaya.
Matakala ashirin da biyu ce tsakani,
amma saƙo zuwa Madina ya fi saurin isa.

Fawwaz, bakinsa zuma.
Ya je neman kwangilar sanyaya makaranta, aji talatin.
Suka ce wata huɗu, ya ce uku.
Suka ce rage, ya rage har ƙashi.
Ni a bakin direba na tsinci labarin.
Shi ya ci ladan kuturu,
ni aka miƙo wa aska.

Sau biyu muna biyan tarar jinkiri
kafin Alhaji Bukhari ya ɗauko mana baƙuwa daga Jidda,
Injiniya Ikhlas, 'yar Madani,
da jaka mai tsinkakken hannu.
Na ce a raina: ga kuɗin injin lanƙwasa
da aka hana ni bara,
ya shigo da ƙafafunsa yana sallama.

Kwana uku ba ta koyar da kowa komai ba.
Ta zauna kan durom, gefen mayafinta yana shan tsatsa,
tana ƙirga kwanon da muke lanƙwasawa.
Ta tambayi Shafi'u yaushe kaya ke fitowa daga tashar jirgin ruwa.
Ta tambayi mai shayi ma.

Rana ta huɗu ta haɗa mu teburi guda.
"Malam Tukur, in aikin sati shida ne, nawa kake faɗa?"
Na kalli silin. Na ce takwas.
"Don me?"
Don na san zai yanke.
"Fawwaz, in ya ce takwas?"
Ya ce biyar yake rubutawa,
don ya san ina ƙarawa.

Dabino ya maƙale wa Alhaji a wuya.

Shekara bakwai kenan
ina zuba wa miya ruwa don tsoron mai kwasa,
shi yana kwasa don ya san da ruwa.

Abin da ta bari bai cika shafi ba:
kada takarda ta fita sai da hannu biyu a ƙasanta,
a ƙirga zafin Yuli kamar yadda ake ƙirga ƙusa,
kuma wata kwangilar, a bar ta ta wuce.

Mun bar ta asibiti ta wuce.
Fawwaz bai yi mini magana ba har Juma'a.

Jiya ya sauko da fayil a hammata,
tartsatsi ya huda masa farar jallabiya.
Ya ce, "Nawa?"
Na buɗe baki da takwas,
na haɗiye,
na ce shida.
Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta.

Injin lanƙwasa dai har yau shiru.