Shafi na Arba'in da Biyu

A wani kantin littattafai a Liège, ruwa na dukan taga,
Odile ta kife littafin.
"Jinin ya yi yawa, har tawada ta gaji."

A shafin, mutum-mutumin ƙarfe ya tsaga birni a duniyar wata,
kawuna sun tarwatse kamar kankana.

Thibault ya ce, "Gaskiya ɗaci gare ta.
Madubi kawai mai zanen ya ɗaga."

Tsoho Gaspard, da ya shekara talatin yana ɗinkin rauni a asibiti,
bai ce uffan ba.
Idonsa na can kusurwar hoton:
wata yarinya, takalmi ƙafa ɗaya,
ba wanda ya kula da ita.

Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi na gaba.
Ya duba sama, ya duba ƙasa.
Ba ta nan.