Bencin Laraba

Ni magini ne.
Rabin katangun da ke bayan Kanya da hannuna a ciki.
Inda muka kori tsuntsaye daga gero muna yara,
yau nan nake jan igiya, ina jera bulo,
mai fili yana kira daga Yamai: a yi sauri, a yi sauri.

Damagaram na kumbura kamar ƙullun fanke da ya kwana,
ta haye duwatsu, ta haɗiye gonar kakana,
ni kuwa ƙirjina sai ƙara tsukewa yake.

Ƙarfe uku na dare idona biyu.
Ba ɓarawo, ba rasuwa a dangi,
amma gabana na faɗuwa
kamar guga a rijiyar da ta ƙafe.
Famfon unguwa na tarin iska,
jarkoki sun yi layi suna jiran asuba,
ni ina ƙirga kuɗin haya, in ƙirga bulon gobe,
in sake daga farko, lissafi ya ƙi zama.

Na gwada faɗi a fada, shayi na biyu na kan gawayi.
Brah ya ce, “Ƙoshi ne ke damunka.”
Aka yi dariya, ni ma na taya su,
na haɗiye sauran zancen tare da kumfa.
Inna ta aiko da rubutu cikin gora daga ƙauye,
na sha, na shafa, Allah ya saka mata.

Ranar da hannuna ya kama rawa a saman tsani,
cokalin gini ya suɓuce,
ya caki ƙasa taki ɗaya daga ƙafar yarona.
Na sauko ina cewa yau zuciyar nan za ta tsaya.

Majo Barira ta auna jini, ta saurari ƙirji,
ta ce lafiya lau.
Na ce, to me ke kashe ni?
Sai ta ajiye biro, ta jawo kujera kusa:
“Ma’azu, yaushe rabonka da barci?”
Shekara talatin da huɗu a duniya,
ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya.

Ta ce abin yana da suna, fargaba,
ba hauka ba ne, ba ƙarancin imani ba,
kuma ba a kaina aka fara ba.
“Ka zo Laraba bayan la’asar,
bayan ɗakin allura, gindin bedi.”

Benci biyu ne, ɗaya da ƙafar dutse.
Ga Kalla mai kabu-kabu
da ke zagaye rabin gari don kar ya bi ta Kasuwar Dole.
Ga Cima, ɗiyanta uku, kwana biyu tana jiran ruwa,
ta ce kan nata ne ba ya ɗaukewa.
Ga wani ɗan jami’a da bai ce uffan ba sai mako na uku.

Majo ta koya mana jan numfashi da ƙirga,
huɗu ciki, shida waje.
Na ce a raina, wannan ai wasan yara ne.
Daren nan na gwada, don ba ni da wani abin gwadawa.

Ban warke ba, kar in yi ƙarya.
Shekaranjiya ma ta zo, ƙarfe uku daidai, ba sallama.
Amma na san sunanta yanzu,
kuma ina da lambar Kalla.
Ya ɗauka, muryarsa garau: “Kai ma?”
Muka yi shiru tare a waya
har ladanin Birni ya gyara murya.

Jiya na ɗauki ragowar siminti rabin buhu,
na je na gyara ƙafar bencin nan.
Cima ta ce in ƙara na uku,
mutane na ƙaruwa.