Jajayen Tukwane Uku

Minti bakwai. Na duba agogo, shi ya sa na sani.
Gidan Duane mai taya, a sansanin Quartzsite,
daga ɗan ƙaurin waya a bayan firiji
zuwa ƙwarangwal na ƙarfe yana huci a kan tsakuwa.
Tukunyar kashe gobararsa na ciki,
can ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan buhun dankali.
Da safe muka tono ta a toka,
fil ɗinta na nan, ko taɓa shi ba a yi ba.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta,
shafa wa naka ruwa.
Amma wutar mai da wutar waya ba sa jin ruwa,
sai ma su ƙara tsiwa.

Da muka koma Bismarck muka shiga kanti.
Yarinyar wurin ta nuna mana haruffa da farce:
A ta katako ce da tsumma,
B ta mai da gas, C ta wayar da ke da rai.
Ta ce mu nemi wadda ta haɗa ukun,
don wuta ba ta faɗin sunanta kafin ta zo.
Na rungumo babba, mai kama da ɗan maraƙi.
Ardis ta gwada ɗagawa, wuyan hannunta ya ƙi.
Ta ce, "Wadda ba ta ɗagu ba, ba tawa ba ce."
Muka ɗauki matsakaita.

Ni kan murhu na so kafa ta farko.
Har na ɗora ƙusa.
Ardis ta ce, "Lavern, wuta za ka tsallaka
ka ɗauko maganin wuta?"
Shekara arba'in da ɗaya, har yau ba na son in ta yi gaskiya da wuri.
Bakin ƙofa muka ɗaure ta, hagu, daidai gwiwa,
yadda mai fesawa zai ba wuta fuska,
ya ba hanyar fita baya.

Ta biyu ta fi ba mu wuya.
Gadonmu na can ƙurya, murhu na tsakaninmu da ƙofa.
Ta kashe fitila, ta karɓe tabarau na,
ta ce in kwanta kamar ƙarfe ukun dare ne,
in miƙa hannu.
Na lalubo labule, na lalubo kofin haƙorana,
na kifar da ruwan a kan matashi.
Muka yi dariya har tari ya kama ta.
Inda hannuna ya sauka a karo na huɗu,
nan ta ɗiga alama da jan-baki.

Ta uku tana mota, bayan kujera,
don ranar da taya zai yi zafi a gangaren dutse.

Kowane farkon wata nakan ciro su.
Hanya tana danƙare hodar ciki kamar tuwon jiya,
sai na kifa, na bubbuga gindin da tafi,
na kara kunne
har in ji ta zubo, suuu, kamar yashi.
In duba allura: tana kan kore.
In mayar.

Dokar Ardis ɗaya ce, ta liƙa ta a ƙofar firiji:
gindin wuta ake fesa wa, ba harshenta ba,
kuma numfashin tukunya bai kai ƙirga ashirin ba.
In ta ƙare wuta na tsaye, fita.
Bar hotuna. Bar takalma.

Hunturu huɗu ke nan, ba mu zare fil ko ɗaya ba.
Duane yana Yuma yanzu, a ɗakin bayan gidan 'yarsa.
Yakan zo shan kofi ranar Laraba.
In ya tako matakala, kafin ya ce mana sannu,
idonsa kan sauka ƙasa, hagu,
daidai gwiwa.