Awon Rigar Ɗan Takara

An kawo mini atamfa bandir uku daga ofishin jam'iyya,
fuskarsa a kowane kamu, wata a tsaye, wata a kife.
Suka ce, "Tela, ka gama kafin Juma'a,
Dakta Barmo zai shigo Maradi,
mutum ne mai sassaucin ra'ayi."
Na ce to. Sassauci ai sana'ata ce,
shekara talatin ina sakin zare a hammatar mutane.
Sai dai ban taɓa yanka yadi da awon baki ba.

Shekaranjiya na ji shi a rediyo, Faransanci kamar man shanu,
yana gaya wa baƙi iyaka zane ce a takarda,
daga Ɗan Isa zuwa Jibiya numfashi ɗaya ne,
gabas abokinmu, yamma abokinmu,
mai jari ya shigo, ƙofa ba sakata.
Wannan hannun rigar ke nan,
faɗinsa har ƙasa, iska na wasa a ciki.
Bai dai faɗi wanda zai biya bashin yadin ba.

Rabe direba ya tofar da goro a bakin shagona:
"Tambaye shi shinge nawa na tsaya jiya
da wake buhu goma sha biyu,
kuma sa hannun wa ke kan takardar duwan
tun yana minista."

Na juya rigar ciki waje,
don ta ciki ake gane ɗinki.

A Bagalam, ran taron mata,
Tsahara mai ƙuli-ƙuli ta miƙe ta ce,
"Harajin tebur ya fi ribar tebur, ranka ya daɗe."
Ya yi murmushin nan na atamfa, ya ce za a duba.
Kafin ta kai kalma ta gaba
wani yaro mai baƙin tabarau ya karɓe lasifikar.
Ila na gidan rediyon bayan tasha
ya taɓa karanta lissafin kuɗin rijiyoyi da babbar murya,
ya kwana goma sha tara inda ba a ganin wata.
Har yau in an ambaci Dakta, sai ya duba ƙofa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba.
Shi ya soke kuɗin awon ciki a asibitin unguwarmu,
matata ta haifi Nafisa ban sayar da jar akuyata ba.
Na kuma ga ɗalibai sun yi masa ihu a gaban gidan gwamna,
ya hana a taɓa ko ɗaya.
Amma ranar akwai masu ɗaukar hoto daga Yamai.

Gaban malamai rigar takan tsuke,
gaban ƴan jami'a ta buɗe,
gaban manoman bakin Gulbi, da aka zo maganar filayensu,
sai ta zama bargo, ya lulluɓa, ya yi shiru.

Maigidana da ya koya mini keke
yakan ce, kada faɗin hannu ya ruɗe ka,
sa yatsa biyu a wuya.
In sun shiga, mai riga zai yi numfashi.
Na sa.
Ɗaya ya shiga da kyar,
ɗayan yana waje yana jira.

Wuta ta ɗauke, na koma keken ƙafa.
Riga arba'in da ɗaya, na ɗinke su tsaf,
aljihu ya faɗa daidai kan bakinsa.
A kowace na bar rarar yatsa uku a ciki,
ko wata rana a buƙaci a saki.

Nafisa ta ce, "Baba, shi za ka zaɓa?"
Katin zaɓena na cikin gwangwanin maɓallai.
Na ce, miƙo mini tef ɗin can,
saura mako biyar,
ban gama awo ba.